Hannun Kaka

Jar motar ta sake dukan bango, sai Direba ya fashe da dariya har sandarsa ta zame daga jikin kujera.

"Ka gani ko? Ni na tashe ta! Da wannan yatsan na tashe ta!"

Jikansa bai taya shi dariyar ba. Gwani ake ce wa yaron, shekararsa goma sha biyu, kuma a wasan gem ya samo sunan, don ko a unguwa ba a cika samun mai cinye shi ba. Yana zaune a ƙasa ya cika ya yi fam, ya zuba wa talabijin ido. Tseren na haɗin gwiwa ne, jar mota ta kaka, shuɗiya ta jika, in ɗaya ta makara duka biyun sun faɗi. Tun da yamma ta yi kuwa faɗuwa suke ta yi.

Direba bai damu da faɗuwar ba. Mutum ne da ya tsufa a kan sitiyarin tirela, sai hawan jini ya kayar da shi rana tsaka ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, baki ya miƙe, saura hannu. Likitar gashin ƙashi ta faɗa masa a gaban ɗansa, ba ta ɓoye komai ba: hannun nan yana da rai, amma watannin farkon nan su ne kasuwarsa, in aka bari ta watse yatsun za su ƙage. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce a riƙa kawo shi duk mako, ta ƙara da cewa in akwai gem a gida ya riƙa taɓawa tare da jikoki, don yana sa yatsu aiki ba tare da mutum ya gundura ba. Da ƴarsa da ke aure a nesa ta ji haka, sai ta aiko masa da shi sabo fil, irin wanda ake jonawa da talabijin, a kuma zare shi a riƙe a tafi da shi ɗaki. Da sunan Baba ya shigo gidan, kowa ya san da haka.

Abin da ake riƙewa ana dannawa, yaran gidan da ubansu "hannu" suke ce masa. Ba ni hannu, hannuna ba caji, wa ya ɗauke mini hannu. Shi Direba bai taɓa kiransa haka ba, sitiyari yake ce masa, surutun yara kuwa ta kunnen hagu yake shiga ya fita ta dama. Guda biyu gem ɗin ya zo da su. Yatsun hagu ke juya mota, na dama ke ba ta wuta. Saboda haka duk sanda tsohon ya ciji leɓe ya tara ƙarfinsa a yatsan dama, sai motar ta zabura, abin ya yi masa gurnani a cikin tafi. Yakan gama ya jiƙe sharkaf da gumi, amma da murnarsa yake tashi.

Ana cikin haka babban ɗansa ya dawo daga aiki. Shi ke kula da wani kantin kayan gini, kowa Manaja yake ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Bai ko cire takalmi ba Gwani ya tare shi a bakin ƙofa.

"Abba, wallahi Kaka ya lalata mini komai. An mayar da ni baya. Ga Auta can tana kuka ba ta samu hannu ba."

Auta, ƙanwarsa ƴar shekara shida, da ta ji an ambace ta sai ta ƙara wa kukan wuta.

Da mai tunani ne, ai raba musu lokaci zai yi, magana ta ƙare. Amma Manaja irin mutanen nan ne da duk hanyar da ta fi kusa da shiru ita suke bi, ko da ta kan mutum ta ratsa. Ya shiga sito, ya birkice wani kwali, ya zaro tsohon hannun gem na wata na'ura da ta mutu tun Gwani yana rarrafe. Ya goge ƙurar da gefen riga, ya ja yaron gefe ya raɗa masa, "Kai za ka tuƙa jar, ka ce tasa ce. Kada in ji wani ya gaya masa." Sannan ya shigo falo yana murmushi.

"Baba, kawo wannan. Ga naka na musamman, ya fi laushi. Na masu lalura ne."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Direba, ya karɓa ya ɗora a cinya.

Daga ranar jar mota ta zama aljana. Ba ta dukan bango, ba ta faɗawa rami, kwana take sha kamar an zana mata. Direba zai ɗan taɓa madannin dama, kafin ma ya gama tara ƙarfi ta yi gaba. Gwani ya ce shi da Auta suna can baya cikin sauran motocin, kakan kuwa idonsa na kan jar kawai. Auta ta yi ta tsalle tana "Kaka ya ci! Kaka ya ci!" da zuciya ɗaya, yayanta yana sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya.

Abin ya ɗan tsaya wa tsohon a rai da farko.

"Wannan sitiyarin ba ya magana," ya ce da ɗansa. "Wancan yana yi mini gurnani a tafi."

"Sabon samfuri ne, Baba. An cire girgizar ne saboda jijiya."

To, wane mara lafiya ne ba ya son a ce masa ya samu sauƙi? Ya yarda. Manaja ya ɗauki bidiyonsa yana cin tsere, ya tura wa ƙanwarsa da cewa ga tsohonta nan ya koma kan hanya. Ta kira tana kukan murna, Direba ya yi ta cika mata baki, wai saura kaɗan ya karɓi makullin motar yayanta.

Da ranar asibiti ta zagayo, tun da sassafe ya shirya, ya sa hula, ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa. Manaja ya fito yana kaɗa makulli, ya dubi agogo.

"Kash! Baba, yau kaya za su iso kanti. Mu bari sai mako mai zuwa."

Mako mai zuwa ya zo, aka ce cunkoso ya yi yawa a hanyar asibiti. Na bayansa mota tana gareji. Daga nan kuma sai Manaja ya daina wahalar neman dalili.

"Wai me za su yi maka a can wanda gem bai yi maka ba? Layi kawai za mu je mu bi. Mutumin da kullum shi ke zuwa na ɗaya?"

Abin haushin shi ne, ya maimaita ƙaryar nan har ta fara yi masa kama da gaskiya. Yana faɗa ne ko ido ba ya ƙiftawa. Direba ya cire hularsa ya koma ciki.

An ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Ta gidan nan kam ta yi ƴaƴa, kuma a kan teburin cin abinci suka fara nuna. Tunda mota ta koma tashi da ɗan taɓi, yatsun sun daina shan wahala, abin da suka fara koyo ya soma zubewa. Cokalin da a da yake kaiwa baki ko da rawa, yanzu a rabin hanya yake kifewa. Miya ta ɓata masa gaban riga. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa.

Surukarsa, Maman Gwani, ba wanda ya gaya mata sirrin tsohon hannun gem. Abin da take hangowa daga ƙofar kicin kawai ta sani. Ba ta iya duban idon uban mijinta ta faɗa masa magana, sai dai ta san yadda ake auna murya ta kai inda aka aike ta.

"Ni dai abin yana ba ni mamaki," ta ce da mijinta tana kwashe fasassun kofin. "Hannun da ke tuƙa mota a talabijin, a ce shi ne ba zai ɗaga cokali ba? Allah dai ya ba mu lafiya mai amfani."

Kalma ɗaya Manaja zai faɗa ya wanke ubansa. Sai ya gutsiri burodi ya cusa a baki.

"Ki bar shi, a hankali ne."

"Ai shi ya sa na ce a daina ɓalla masa maɓallan riga. Likita ma cewa ta yi ya riƙa yi da kansa. Gata in ya yi yawa cuta ne."

Washegari ba wanda ya leƙo ɗakinsa da safe. Ya yi ta kokawa da maɓalli ɗaya har rana ta ɗaga, ya kama ya suɓuce, ya kama ya suɓuce. Ƙarshe ya fito da riga a buɗe, singileti a waje, ya raɓe a kujerar lungu kamar baƙo. Kunya ta ishe shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa ba ya fita sai da guga a jikin kaya, yau jikoki na kallon ƙirjinsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya fara zargin kansa. Ko dai da gaske son jiki ne ya kama shi bai sani ba? Sai ya ɗago hannun ya yi ta yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. "Kai munafuki, a gaban talabijin ka iya, a gaban abinci ka tona mini asiri?"

Wata rana da yamma abokin Gwani ya zo wasa. Hannun gem biyu ne masu aiki, ɗaya na wurin Gwani, ɗaya Auta ta ƙanƙame ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta bayar ba. "Ka ba shi hannun Kaka mana, ga shi can a kan kujera," in ji ta. Wannan maganar Direba bai ji ta ba, don a lokacin yana rufe ƙofar banɗaki. Amsar ce ta same shi a tsakiyar lungu, yana dafe da bango.

"Ke ba ki da hankali? Hannun Kaka ai matacce ne."

"Ƙarya ne! Jiya ma ya ci."

"Wallahi matacce ne, ba zai taɓa aiki ba. Abba ya ce kada kowa ya gaya masa, wai kada ransa ya ɓaci. In kika faɗa sai na fasa miki baki."

Direba ya dubi hannunsa na dama da ke reto a gefensa. Bai ƙarasa falon ba, ya juya ya lallaɓa ɗaki ya zauna a bakin gado.

Nan take komai ya hau kan layi. Ashe shi ya sa aka daina kai shi asibiti. Ashe likita ta kira ɗansa gefe ta faɗa masa abin da ba ta iya faɗa a gabansa ba. Ashe shi ya sa cokali ke kifewa. Cin tseren kuwa, wa ya sani, ƙila yaron ne ya saita motar ta riƙa ba kanta wuta don a faranta wa tsoho. Tausayinsa ake ji a gidan nan, shi yana ta washe baki kamar wawa. Duk da haka bai yanke ƙauna ba. Maganar yaro ce, sai ya ji daga bakin babba.

Da safe ya bi ɗansa har tsakar gida. Manaja ya riga ya zauna a mota, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, kansa a sunkuye yana rubutu a waya. Direba ya jingina sandarsa a ƙugunsa, ya tallabo hannun dama da na hagu, ya ɗago shi har ƙirji.

"Tsaya, ina da tambaya. Ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya. Hannun nan nawa, matacce ne?"

Manaja ya ɗauka na gem ake nufi. Asirin tsohon hannun gem ya tonu ke nan. Yatsansa ya tsaya cak a kan waya, amma kunya ta hana shi ɗago kai.

"Wa ya gaya maka? Gwani ko? Zan gamu da shi."

"Rabu da yaro. Kai nake tambaya."

"To... e, Baba. Matacce ne."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun farko. Mun ga kana jin daɗi ne shi ya sa muka yi shiru. Ai ba wani abin tashin hankali ba ne."

Direba ya ƙara ɗago hannun. "Ba gyara?"

"Irin wannan ba a ɓata lokaci wajen gyaransa. In na samu sarari zan nemo maka wani. Roba ce fa kawai, suna nan birjik."

Wayar ta yi ƙara. Manaja ya janye ƙafarsa, ya rufe ƙofa, ya kara ta a kunne, ya fice yana hamdala a ransa da tsohon ya ɗauki abin da sauƙi, ko faɗa bai yi ba.

Direba ya daɗe a tsaye a wurin. A asibiti ya taɓa ganin hannuwan roba jere a kan kanta, da maɗaurai na fata, ya kuma ga waɗanda ake ɗaura wa. Ya san ba a ɗaura na roba sai an cire na jiki. Wato abin da ake jira ke nan, ɗansa ya samu sarari.

Ranar ya ba Auta ƙwallon robarsa kyauta, ta tafi tana buga ta a bango. Da yamma aka kunna gem bai fito ba. Washegari ma haka. Ya tura hannun cikin riga ya kwantar da shi a ciki, ya ƙudurta a ransa ba zai sake barin kowa ya gan shi ba, don abin da ido bai gani ba ba a cika tunawa da shi ba. In dai zai mutu da hannunsa a jikinsa, ko matacce ne, ya gode wa Allah.

Kai, jama'a, gida cike da mutane, amma ba wanda ya ce me ya sami Baba! Kowa ya samo amsar da ta yi masa daɗi ya riƙe.

"Fushi yake yi, zai huce," in ji Manaja. Ya ma taɓa wucewa ta gaban shagon da ake sayar da kayan gem, ya rage gudu, ya ce gobe.

"Tsufa ne," in ji Maman Gwani. "Tsoho da yaro duk ɗaya ne, in ka biye musu ba za ka yi aikin komai ba."

Gwani kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Ya zare gem ɗin daga jikin talabijin ya shige ɗaki da shi, ba mai ce masa zo ka zauna da Kaka. Auta ce kawai ta leƙo sau ɗaya ta ce, "Kaka, zo ka ci mana," ya ce mata kansa ke ciwo.

Abinci ya koma a ajiye masa a kan kujera ƴar tsugunne a bakin ƙofa. Da hagu yake ci, rabi a baki rabi a ƙasa, ya share da ƙafa kada a gani. In ƴarsa ta kira ta ce, "Baba, ya jikin? Ana dai taɓa gem ɗin ko?" sai ya ce, "Ana taɓawa, ƴar nan, lafiya lau." Ba ya son ya ɗaga mata hankali a gidan mijinta a kan abin da ba shi da magani.

Hannun da aka daina nema ya fara tafiya. Ƙaramin yatsa ne ya soma lanƙwashewa, na kusa da shi ya bi, har duka suka dunƙule suka rufe babban yatsa a ciki. Da safe yakan gwada buɗe su da hagu don ya wanke, zafi ya harba masa har kafaɗa, sai ya bari. Farce ya yi tsawo ba mai yankewa, ya nutse cikin tafi. Gumi ya taru a wurin, fata ta saɓule, ciwo ya buɗe. Ya naɗe shi da tsohon hankici ya mayar cikin riga. Da wari ya fara fitowa lungu, Maman Gwani ta zo ta fesa turaren ɗaki a bakin ƙofa, ta ce da Gwani ya shiga ya buɗe wa kakansa taga. Zazzaɓi ya riƙa zuwa masa da yamma. Duk sanda ya ji motar ɗansa ta shigo gida sai ya kasa kunne ko yau ne aka samu sararin.

Ƴar tasa ce ta kasa samun sukuni. Bidiyo ya daina zuwa, muryar ubanta kuma kullum ƙara shaƙewa take yi a waya. Ba ta sanar da kowa ba, sai ganinta aka yi da jaka a ƙofar gida da hantsi, ranar da ba aiki. Yara suka ruga suna "Anti! Anti!" Ta shafa kawunansu ta wuce kai tsaye ɗakin ubanta. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ta.

"Baba! Haka ka koma? Mu ga hannun."

Ya matsa jikin bango, ya dafe ƙirji da hagu. "Bar shi, ƴar nan. Yi magana a hankali, kada ki sa su tuna."

"Su tuna me?"

"Yankewa."

Ta durƙusa ta yi ta lallashinsa har ya bari ta zaro hannun. Da ta warware hankicin sai ta saki salati, ta miƙe ta leƙa lungu ta ƙwala kira, "Yaya! Yaya, fito!"

Manaja ya fito da jallabiya yana miƙa. "Ke lafiya? Daga zuwa sai ihu?"

"Ɗauko makulli."

"Yau fa hutu ne, ki bari sai..."

"Wallahi Yaya, in ba ka ɗauko makullin nan ba, a bayana zan goya shi in ratsa unguwar nan da shi kowa ya gani."

A mota Direba addu'a kawai yake yi ƙasa-ƙasa. Da aka isa, sai da aka wanke ciwon, aka yanke farcen, aka yi masa allura, sannan aka tura su ɗakin gashi. Aka yi sa'a likitar da ta san shi tana nan. Ta ɗora hannun a kan matashi, ta kama yatsun ɗaya bayan ɗaya tana jan su a hankali. Tsohon ya yi nishi, hawaye na bin kuncinsa. Ba su buɗe ko rabi ba suka tsaya. Ta ɗago ta dubi Manaja, ranta a ɓace.

"Me ya sa kuka daina kawo shi? Hannun nan fa dawowa yake yi. Zuwansa na ƙarshe har yatsana ya riƙe."

"Wallahi likita, abubuwa ne suka yi yawa. Ga kanti, ga yara..."

"Ƙwallon da na ba ka fa, Baba? Kana matsawa?"

"Na bayar," in ji Direba. "Me mataccen hannu zai yi da ƙwallo? Ni dai roƙona ɗaya, ƴata, kada a yanke. A bar ni da abina."

"Wa ya ce za a yanke? Wa ya ce maka ya mutu?"

Tsohon ya yi mamakin tambayar. "Ba ke kika gaya masa ba?" Ya nuna ɗansa da haɓa. "Shi ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce matacce ne tun farko, ba gyara, zai nemo mini na roba."

"Ni?" Manaja ya dafe ƙirji. "Ni, Baba? Yaushe na..."

Sai ya tuno safiyar nan a bakin mota. Bakinsa ya tsaya a buɗe, fuskarsa ta sauya.

"Innalillahi! Baba, hannun gem nake nufi! Wanda na ba ka, shi ne matacce. Hannun gem, wallahi tallahi!"

Ƙanwarsa ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Wane hannun gem ne matacce? Sabo na aiko."

"Ba naki ba. Wani tsoho ne na sito. Yara ne suka dame ni da kuka, shi kuma yana ɓata musu wasa, sai na ce bari in... Kowa fa yana yin haka! Ana ba ƙananan yara wanda ba ya aiki don a zauna lafiya."

"Ƙananan yara," ta maimaita. "Bidiyon da ka turo mini fa?"

"Gwani ne ke tuƙawa. Amma ai ya ji daɗi a lokacin, ke ma kin ji daɗi. Ni ban yi da mugun nufi ba. Da ya fito fili ya ce hannunsa na jiki yake nufi..."

"Na jiki na kawo maka," in ji Direba.

Bai ɗaga murya ba. Duk suka juyo gare shi.

"Na tallabo shi da hagu na ɗago maka shi har ƙirji, ina tsaye a kanka. Da ka ɗaga ido daga wayar nan sau ɗaya, da ka ga wanne nake tambaya."

Ƙanwar Manaja ta juya wa bango fuska tana kuka.

Likita ta ja kujera ta zauna gaban tsohon. Ta faɗa masa ba wanda zai yanke komai, ciwon tafin zai warke. Sannan ta faɗi sauran, don ita ba ta iya ɓoye-ɓoye ba: jijiyoyin sun ƙage, lokacin da ya fi dacewa ya wuce. Za a yi ta gashi, ƙila yatsun su saki yadda za a riƙa wankewa, amma riƙon cokali da ɓalla maɓalli, ba za ta yi masa alkawari ba. Ta zura yatsanta cikin ɗan sararin da ya buɗe.

"Matse, Baba. Mu ga abin da ya rage."

Direba ya ciji leɓe. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ƙafarsa ta hagu ta dinga dukan ƙasa. Duk idanu na kan yatsun nan. Ko motsi ba su yi ba.

Manaja ya zube a gwiwa gefen kujerar. "Daure, Baba. Don Allah sake gwadawa. Ka yafe mini, ƙarya na yi maka, hannunka bai mutu ba."

Tsohon ya saki numfashi, ya jingina da kujera. Ya dubi ɗan nasa.

"Tashi, kada ka ɓata wandonka. Ba ka yi ƙarya ba. Gaggawar faɗa kawai ka yi."